Kwandunan da aka bari a bakin wurin biya

A daren farko na azumin 2024 ne ƙanena ya nuna mini jerin. Mun gama buɗa-baki, yara sun fita, ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce, "Yaya, zo ki ga wani abu." Sunaye ne a jere, kowane suna da lambar waya, da kayan da mai sunan ta zaɓa, da jimillar kuɗi a gefe. Ga turamen atamfa, ga leshi, ga mayafai, har da wata da ta tara kayan da suka kai cinikina na mako guda. Na ce masa, "To ina kuɗin? Ni ban ga alat ba." Ya ce ai babu wadda ta biya a cikinsu. Sun shiga shagon, sun zaɓa, sun zuba a kwando, sun rubuta sunansu da lambarsu, da suka iso wurin biya sai suka fita.

Na daɗe ina sayar da kayan sawa na mata daga gida a nan Kano. Ina sarowa a Kantin Kwari, in ɗauki hoto, in ɗora a Instagram da WhatsApp, mai so ta yi mini magana. Abin da ya gajiyar da ni shi ne amsa tambaya ɗaya sau hamsin a wuni: nawa ne, akwai wata kala, saura nawa. Shi ya sa a ƙarshen 2023 ƙanena ya gina mini shago a intanet da manhajar WooCommerce, inda kowane kaya yake da hotonsa da farashinsa, mai saye ta danna ya faɗa kwandonta, in ta gama ta biya da kati ko ta tura kuɗi. Na ɗauka na huta. Ban san akwai wata ƙofa a bayan shagon da mutane suke fita ta cikinta ba, sai da ya ƙara wata ƙaramar manhaja mai riƙe bayanan duk wadda ta fara cike takardar biya ba ta ƙarasa ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. A kasuwa in mace ta ɗaga turmi ta ajiye ta juya, kana ganin fuskarta, ka san ko tsada ce ta kore ta ko kalar ce ba ta yi mata ba, kuma kana da bakin cewa, "Hajiya, dawo mana, nawa za ki saya?" A nan kuwa babu fuska, babu murya, suna ne kawai da lamba. Ƙanena ya yi ƙoƙarin kwantar mini da hankali. Ya ce ba shagona kaɗai ba ne, akwai wata cibiya a ƙasar Denmak mai suna Baymard da ta tattara bincike da yawa a kan wannan, ta ce kusan bakwai cikin kowane kwando goma a shagunan intanet haka ake barinsu, kuma a cikin waɗanda suka zo da niyyar saye, babban abin da yake korarsu shi ne ƙarin kuɗin da suke tararwa a ƙarshe, kamar kuɗin kai kaya. Na ji, amma bai rage mini komai ba. Bakwai cikin goma na mutanen duniya lissafi ne. Waɗannan kuwa mata ne da wasunsu na san gidajensu.

Matakin farko da muka ɗauka shi ne wanda kowa yake ɗauka. Manhajar tana zuwa da wasiƙun imel da aka riga aka rubuta da Turanci, tana aika su da kanta: ɗaya bayan awa guda, ɗaya washegari, ɗaya bayan kwana uku. Muka kunna ta muka zuba ido. Mako ya zagayo, ba a samu ko mutum ɗaya da ta dawo ta wannan hanyar ba. Da na duba adireshin imel ɗin da suka rubuta sai na gane dalili. Yawancinsu irin wanda mai shagon waya yake buɗe wa mutum ne ranar da ya sayi wayar, don ta yi aiki kawai, suna da tarin lambobi a bayansa. Ni kaina haka nawa yake, kuma sai in yi wata ban leƙa shi ba. Muna ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da babu kowa a ciki.

Sai ƙanena ya kawo shawara ta biyu, wadda ya ce ita manyan shaguna suke yi: a ba duk wadda ta bar kwando lambar ragi, in ta dawo ta saka a cire mata kashi goma cikin ɗari. Ya kuma ce a saka agogo a shafin yana ƙirgawa, da rubutu cewa saura biyu kacal. Agogon da rubutun na ƙi su nan take. In turmi ashirin ne a ɗaki ba zan rubuta saura biyu ba, domin hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ban ga bambanci tsakanin ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu da ƙirƙiro ƙarancin da babu shi ba. Ragin kuwa na yarda muka gwada, ta saƙon waya. Ya jawo mutum biyu ko uku, amma ribar atamfa ba ta da kauri. In ka cire kashi goma, ka cire abin da kamfanin karɓar kuɗi yake ɗauka, ka cire leda da kuɗin ɗan sahu zuwa tasha, abin da ya rage bai kai a kira shi riba ba. Abin da ya tsayar da ni gaba ɗaya shi ne kiran wata tsohuwar mai sayena, wadda tun ina tallar hoto a waya take saye a wurina. Ta ce, "Maman yara, ashe wadda ta biya nan take ita ce mai asara? 'Yar'uwata ta bar kaya kwana ɗaya kin rage mata, ni da ban taɓa ja miki rai ba na biya cif." Gaskiya ta faɗa. Na ba ta haƙuri, na mayar mata da bambancin, ranar na sa aka kashe lambar.

Daga nan ne na ce bari in yi abin da na iya. Na ɗauki littafi, irin wanda nake rubuta bashi a ciki, na kwafe sunayen da hannuna, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp.

Saƙona na farko ya jawo mini abin da ban zata ba. Na rubuta wa wata cewa na ga ta bar leshi a kwando, ko akwai matsala. Bayan 'yan mintoci sai ga kira, muryar namiji. Ya ce shi ne maigidanta, wa ya ba ni lambar matarsa, kuma ta yaya na san abin da take kallo a wayarta. Na yi masa bayani cewa ita ta rubuta lambar a shafina, ya ce ta rubuta amma ai ba ta aika ba. Na rasa amsa, domin yana da hujja. Ita a ganinta tunda ba ta danna maɓallin ƙarshe ba, babu abin da ya iso gare ni. Na ba shi haƙuri, na goge lambar a gabansa, wato ina kan layin na goge na gaya masa. Na kwana ina juya maganar. Washegari na sa ƙanena ya rubuta da Hausa a ƙarƙashin gurbin lambar waya cewa in ba a ƙarasa saye ba, za mu iya tuntuɓa ta WhatsApp sau ɗaya don jin ko akwai abin da za mu taimaka, da ɗan akwati da mai saye za ta danna in ta yarda. Wadda ba ta danna ba, ko sunanta ba ya shiga littafina. Daga baya na ji cewa dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ma abin da take nema ke nan, a gaya wa mutum abin da za a yi da bayanansa. Amma ba dokar ce ta fara koya mini ba, muryar mutumin nan ce.

Jerin ya ragu sosai bayan haka, sai dai waɗanda suka rage suna amsawa. Na kuma canza yadda nake buɗe magana. Na daina cewa "na ga kin bar kaya", domin yana kama da mai bin bashi. Nakan yi sallama, in faɗi sunana da sunan shagon, in tambayi ibada, sannan in ce na ga ta duba leshi kaza, in akwai abin da take son sani game da shi ina nan. Sau da yawa da murya nake aikawa, ba rubutu ba. Mace in ta ji muryar mace 'yar'uwarta, da kukan yaro ko ƙarar tukunya a bayanta, ta san da mutum take magana.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin azumi ya raba, littafin ya cika da dalilai, kuma kusan babu wadda ta ce kayan ne ba ta so.

Na farko da ya fi yawa shi ne kuɗin aike, kamar yadda ƙanena ya faɗa tun farko. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta, bai kuma sauko ba. Mu kuma mun yi kuskuren saka kuɗi ɗaya ga duk wanda yake wajen Kano, a kan farashin kamfanin da yake kaiwa har ƙofar gida, kuma ba ya bayyana sai a shafin ƙarshe. Mai mayafi ɗaya a Zariya sai ta ga kuɗin aike ya kusa kamo kuɗin mayafin. Wata daga Gombe ta ce mini, "Anti, ni fa ba na buƙatar a kawo mini gida. Ki ba direba a tasha ki turo mini lambarsa, ƙanena zai je ya karɓa." Ai kuwa haka nake yi shekara da shekaru kafin shagon intanet: in aika yaro Unguwa Uku, a ba direba, a rubuta lambar mai karɓa a jikin leda. Da muka gina shafi sai muka manta da hanyar da muka saba, muka kwaikwayi ta wasu. Muka gyara. Yanzu tun a shafin kaya akwai wurin zaɓar gari, kuɗin ya fito, kuma hanya uku ce: a zo gida a karɓa, a aika ta tasha, ko a kai har ƙofa. Mafi yawa tasha suke zaɓa.

Na biyu shi ne biyan kansa, kuma a nan ne na ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Da yawa ba sa yarda su rubuta lambar katinsu a shafin da ba su sani ba, ban kuma ga laifinsu ba, domin kowa ya san wadda aka kwashe wa kuɗi bayan ta faɗi lambobin da aka turo mata. Waɗannan sukan zaɓi tura kuɗi. Tsarin kan ba mai saye lambar asusu ta wucin gadi, wadda take mutuwa bayan ɗan lokaci. Mace za ta kwafi lambar, ta fita ta shiga manhajar bankinta, sabis ya yi nauyi, yaro ya yi kuka, a kira salla, kafin ta dawo shafin ya rufe. Ranar 14 ga Maris, kwana huɗu da kama azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya rikice, manhajojin bankuna da yawa suka tsaya. A kwanakin nan kwanduna suka taru kamar an zuba. Da na bi su, sai na tarar da wata baiwar Allah a Kaduna wadda an cire mata kuɗi, a wurina kuma shafin yana nuna ba ta biya ba. Kwana uku tana zaune da rasit a waya, ba ta neme ni ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Na ɗauka an cuce ni ne, na bar wa Allah." Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Da ban bi sawun kwandon ba, da har yau a wurinta ni macuciya ce, kuma da ta gaya wa duk wadda ta tambaye ta. Muka bi diddigi har kuɗin ya fito, na aika mata kayanta da ɗan turaren wuta a ciki. Tun daga lokacin duk kwandon da na ga ya tsaya a matakin tura kuɗi, shi nake fara bi, ba na bari ya kwana, kuma tambayata ta farko ita ce ko an cire mata wani abu.

Akwai kuma waɗanda takardar cikewa ce ta gajiyar da su. Muna neman mutum ya buɗe asusu da kalmar sirri kafin ya biya, muna tambayar sunan kamfani, da layin adireshi na ɗaya da na biyu. Wadda adireshinta shi ne bayan masallacin Juma'a, gida na uku mai jan ƙofa, me za ta rubuta a layi na biyu? Ƙanena ya share duk wannan cikin dare ɗaya. Suna, lambar waya, gari, da kwatance.

Amma dalilin da ya fi koya mini sana'ata shi ne wanda babu manhajar da za ta gyara shi. Mata da yawa ba barin kwandon suka yi ba, ajiye shi suka yi. Wata ta haɗa kayan sallarta da na 'ya'yanta don ta ga jimilla, ta ɗauki hoton shafin, ta jira maigida ya dawo daga tarawihi ta nuna masa. Wata tana jiran albashi. Wata tana jiran ranar kwasar adashinta. Wata ta tura wa yayarta hoto tana jiran ta ce ya yi ko bai yi ba. Babban kwandon nan da na gani a daren farko, wanda ya hana ni barci, ashe ƙanwar amarya ce take lissafin anko. Ta zuba turmi talatin don ta san abin da za ta gaya wa ƙawaye kowacce ta kawo, bikin ma sai bayan salla. Da na yi mata magana ta ce, "Wallahi Anti, so nake in tambaya ko za a samu talatin iri ɗaya, kuma ko za ki rage tunda da yawa ne, amma ban ga wurin tambaya ba."

Ban ga wurin tambaya ba. A nan ne na gane abin da muka gina. Mu mutane ne da ciniki a wurinmu magana ce: a yi sallama, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a nemi gyara. Ko wadda ta san ba za a rage mata ko sisi ba tana son ta taya, don ta ji a ranta cewa ta yi ciniki. Sai muka kawo mata shagon da ba shi da baki, farashi a rubuce, ko ki biya ko ki fita. Kuma tufafi ba kamar katin waya ba ne. Tana son ta san ko atamfar tana zuba, ko jan nan na hoto ja ne ko ruwan goro, ko leshin yadi biyar ne cif, ko mayafin yana da santsi yana zamewa a kai. Hoto a ƙarƙashin fitila ba ya amsa wannan. Yanzu a gefen maɓallin biya akwai wani da aka rubuta "Yi magana da mai shago", in ta danna sai ya buɗe WhatsApp da jerin abin da yake kwandonta a rubuce. Nakan fita tsakar gida da turmin, in warware shi a rana, in ɗauki ɗan bidiyo ina murza shi a hannu. Gani ya kori ji. Mai ankon nan mun yi ciniki irin na da, ta taya, na ce albarka, muka haɗu a tsakiya, ta ba da rabin kuɗi na je Kwari na haɗo mata. Wannan ragin daban yake da na lambar da na kashe: na sari ne, kuma duk wadda ta ɗauki irin wannan adadin za ta same shi.

Sai wata matsala ta taso wadda ban taɓa tunaninta ba. In mace ta saka turmi na ƙarshe a kwando ta tafi, wata ta zo da kuɗi a hannu, na wa ne? A wurin manhajar amsar a fili take: kwando ba ya riƙe kaya. Sai an danna oda ne take ajiye shi, shi ma na minti sittin in ba a canza ba, in ba a biya ba ta sake shi. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, saboda na taso ina jin cewa ba a yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Na yi ta tunani har na tsayar wa kaina iyaka. Wadda ta zuba a kwando kawai, ba mu yi magana ba, kamar wadda ta ɗaga kaya ta duba ne a kasuwa, babu alkawari tsakaninmu. Wadda kuwa na yi wa magana ta ce in ajiye mata zuwa Juma'a, na kuma ce to, wannan magana ta ƙullu. Nakan cire kayan daga shafin da hannuna, in rubuta sunanta a takarda in manna a leda, ko wa ya zo sai Juma'ar ta wuce. Na taɓa rasa ciniki saboda haka, wadda na ajiye wa ba ta dawo ba, wadda na hana kuma ta saya a wani wuri. Ban canza ba, sai dai yanzu ina faɗin rana da lokaci a fili tun farko.

Farashi ma ya ba ni wahala a wannan azumin. A watan Fabrairu dala ta haura naira 1,500, kaya a Kwari suna kwana da kuɗi ɗaya su tashi da wani. Mace za ta bar kwando ranar Litinin, in yi mata magana, ta dawo Alhamis ta tarar jimilla ta ƙaru, sai ta ga kamar na kira ta ne don in yanke ta. Abin da na tsayar shi ne, in ni na neme ta, kuma kayan tsohon sari ne da yake ɗakina, a farashin da ta gani za ta biya. In ya ƙare sai na sake sarowa, ina gaya mata tun a saƙon farko, kafin ta buɗe shafin ta gani da idonta.

Ba kowa ce take dawowa ba, kuma na koyi barin mutane. Sau ɗaya nake magana. In an amsa, mu ci gaba. In an karanta an yi shiru, shirun ma amsa ce, nakan ja layi a kan sunan. Ƙanena ya so mu haɗa lambobin duka mu riƙa aika musu sababbin kaya kowane mako, na ce a'a. Ba don haka suka ba ni ba. Ban da haka, WhatsApp yana rufe lambar da mutane suka yi ta kai ƙararta, ni kuma lambar nan ita ce shagona na gaskiya, shekaruna duka suna cikinta. Akwai kuma lokutan da ba na aika saƙo ko da kwandon ya kai nawa: bayan isha, da gab da shan ruwa lokacin da kowace mace take tsaye a kan tukunya. Da hantsi ne ake samun mata da nutsuwa, yara sun tafi makaranta, aikin gida ya lafa. A goman ƙarshe na azumi kuwa sai na riƙa haɗawa da tambaya ɗaya: telanki zai karɓa kuwa? Domin wasu ba don kuɗi suka fasa ba, teloli ne suka rufe karɓar ɗinki. Irin waɗannan nakan nuna musu dogayen riguna ɗinkakku da mayafai, in sun so, in ba su so ba mu yi sallama da fatan alheri.

An yi salla ranar 10 ga Afrilu, kasuwa ta yi sanyi kamar yadda ta saba, amma aikin ya zauna mini. Har yanzu kowace safiya, bayan na sallami yara, nakan buɗe jerin in kwafe sababbin sunaye a littafi. Ƙanena yana cewa akwai manhajar da za ta aika saƙon WhatsApp ɗin da kanta, da sunan mai saye da hoton kayan, ba sai na taɓa ba. Wataƙila in shagon ya fi ƙarfin hannuna zan duba ta. A yanzu dai sunayen ba su wuce abin da zan bi kafin azahar ba, kuma abin da nake nema a wurinsu amsa ce, wadda sai mutum ne zai saurare ta.

Jiya sunaye huɗu na tarar. Ɗaya ta tsaya a wurin tura kuɗi, na kira ta, ba a cire mata komai ba, cajin wayarta ne ya ƙare, ta ƙarasa muna kan layi. Ɗaya ta karanta ba ta amsa ba. Ɗaya ta ce sai ƙarshen wata, na tambaye ta ko in ajiye, ta ce a'a, in rabonta ne za ta same shi. Ta huɗun wata dattijuwa ce daga Azare, jikarta ce ta shiga mata shafin. Ta aiko mini da murya mai tsawo, ta gaishe ni, ta tambayi maigida da yara, sannan ta ce shuɗin leshin nan take so ta gani a rana, domin na auren autarta ne kuma idonta ba ya rarrabe kala a waya. Hadari ya rufe garin tun safe, na ce mata, "Hajiya, ki yi mini haƙuri zuwa gobe, in rana ta fito zan ɗauka miki." Leshin yana nan a kan kujera kusa da ƙofa, na rubuta sunanta na manna a ledar.